Kyamara Tana Gani, Amma Ba Ta Buɗe Ƙofa

Ran 21 ga Disamba 2024 mutum 10 suka rasu a turmutsitsi a majami'ar Katolika ta Holy Trinity da ke Maitama, Abuja, wurin rabon abincin Kirsimeti. Kafin wannan, ran 28 ga Mayu 2022, mutum 31 ne suka mutu a Fatakwal wurin wani rabon kyauta da ikkilisiyar Kings Assembly ta shirya. Duk lokacin da irin wannan ya faru, sai a ji ana cewa a kafa kyamarori. To, 'yan'uwa, me kyamara za ta iya yi?

Kyamara ɗaya ba ta iya ƙirga taro, domin na gaba yana tare na baya, dogo yana rufe gajere, yaro kuwa ba ya ko fitowa. Shi ya sa masana suke kafa kyamarori da yawa a kusurwa dabam-dabam, duk suna kallon fili ɗaya. Wanda ya ɓace wa wannan, waccan tana ganinsa. Kwamfuta kuma sai ta haɗa hotunan a kan taswirar filin, ta gane cewa mutumin da kyamara uku suka ɗauka mutum ɗaya ne, ba uku ba. Ta haka ake sanin inda cunkoso ya yi tsanani. Idan mutane suka wuce biyar a kan murabba'in mita ɗaya, hatsari ya kusa.

Amma gani dabam, ceto dabam. A bikin Kumbh Mela na ƙasar Indiya a 2025 an kafa kyamarori kimanin 2,700, duk da haka ran 29 ga Janairu aƙalla mutum 30 suka mutu a turmutsitsi. A nan gida, kwangilar dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010 domin kyamarorin tsaro ta bar turaku a titunan Abuja waɗanda ba su yi aikin da aka yi alkawari ba.

Mu da ke Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda wutar lantarki ma sai an yi sa'a, ba sai mun jira na'ura ba. Dabarar muke bukata: ido da yawa, daga wurare dabam-dabam, da mutum ɗaya da ake kai wa rahoto. A taron gunduma, ko na zumuntar mata, ko rabon hatsi, a tsayar da masu lura a kowace kusurwa, wasu a kan tudu. A ba shugabansu ikon dakatar da rabo nan take. A raba ƙofar shiga da ta fita, a ba da kati tun kafin ranar, a fara sallamar tsofaffi da masu goyo.

Wanda ya zo karɓar mudun masara ya kamata ya koma gida da ransa. Dattawan ikkilisiya, a zauna a kan wannan kafin taro na gaba.