Allurar "In Buƙata Ta Taso": Buƙatar Wa?

A asibitocin masu taɓin hankali akwai wani sashe da ake kulle ƙofarsa dare da rana, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani har ana tsoron su cutar da kansu ko waninsu. A Birtaniya irin waɗannan sassa suna da yawa, kuma mafi yawan masu kwanciya a cikinsu maza ne masu jini a jika. A katin majinyacin da ke can ana samun magani iri biyu. Akwai wanda aka yanka wa lokaci, safe da yamma. Akwai kuma wanda likita ya rubuta ya bar wa ma'aikacin jinya wuƙa da nama, ya bayar duk sa'ad da ya ga hali ya yi. Likitoci suna yi masa laƙabi da haruffa uku, PRN, daga Latinanci, ma'ana "in buƙata ta taso".

Ko shakka babu wannan tsari yana da amfaninsa. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ko yake jin muryoyi suna yi masa barazana, ba za a ce ya jira sai likita ya zo zagaye da safe ba. Ƙwayar lorazepam guda tana iya sauko da shi daga firgici, kuma sau da yawa majinyacin ne da kansa yake roƙon a ba shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, wa yake yanke hukuncin cewa buƙata ta taso, kuma buƙatar ta wace ce? Ta majinyacin da ke shan azaba, ko ta ma'aikatan da suka yi ƙaranci suna son ɗaki ya yi tsit?

Magungunan nan ba ruwan sha ba ne. Lorazepam yana iya rage numfashi, musamman ga wanda ya sha giya ko wata ƙwaya mai sa maye, kuma jiki yana sabawa da shi in an daɗe ana sha. Haloperidol yana iya rikita bugun zuciya, ya sandare wuya, ya juya idanu sama. Yana kuma jawo wani hali da mutum ba ya iya zama wuri ɗaya, sai kai da komo kamar ana tsikarinsa. Ma'aikacin da bai ƙware ba sai ya ɗauka ciwon ne ya motsa, ya ƙara masa maganin da ya jawo abin tun farko. Ashe ke nan ana kashe gobara da fetur. Wani bincike da aka gudanar a asibitocin Birtaniya, wanda aka buga a 2008, ya nuna cewa wannan magani na "in buƙata ta taso" shi ne babban dalilin da yake sa a haɗa wa majinyaci magunguna biyu ko fiye, jimillarsu ta zarce haddin da aka amince da shi.

Birtaniya ba ta koyi wannan darasi a ɓagas ba, sai da rayuka suka salwanta. A watan Agusta na 1991, a asibitin Broadmoor da ke Ingila, aka danne wani majinyaci haifaffen Jamaika mai suna Orville Blackwood, ɗan shekara 31, a ɗakin da aka killace shi, aka ɗirka masa allurai biyu masu ƙarfi, promazine da fluphenazine. Nan take zuciyarsa ta tsaya. Shi ne baƙar fata na uku da ya mutu a irin wannan yanayi a asibitin cikin shekara bakwai, bayan Michael Martin a 1984 da Joseph Watts a 1988. Kwamitin binciken da Farfesa Herschel Prins ya jagoranta ya fitar da rahoto a 1993, inda ya nuna yadda ma'aikata suke kallon baƙaƙen majinyata a matsayin ƙarti masu haɗari. Wannan mutuwa ta tona asirin abin da yake faruwa idan tsoron ma'aikaci ya zama shi ne ma'aunin allura. Mai rauni, wanda ba shi da bakin kare kansa, shi yake kwana a ciki.

A 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta shimfiɗa dokoki a kan lamarin. Ta hana a rubuta wa majinyaci irin wannan magani haka kawai don an kwantar da shi. Ta ce a rubuta dalilin bayarwa ƙarara, da tazarar da za a bari tsakanin sha da sha, da iyakar abin da za a ba shi a yini, a lissafa har da maganinsa na kullum. A duba katin aƙalla sau ɗaya a mako, in ba a yi amfani da maganin ba a yi tunanin soke shi. In ta kai ga allurar gaggawa, kada a haɗa haloperidol da promethazine ga mai ciwon zuciya ko wanda ba a auna zuciyarsa da na'ura ba. Bayan allura a riƙa duba numfashi, bugun jini da zafin jiki aƙalla kowace awa, in kuwa barci ya kwashe shi ko ya sha kayan maye, kowane minti 15. Kafin duk wannan, a fara da lallashi da sauraro, domin sau da yawa abin da ya tunzura majinyaci bai wuce yunwa, hayaniya, ko hana shi magana da mahaifiyarsa ba.

Daga baya majalisar dokokin ƙasar ta ƙara ɗaure akuyar. A 2010 wani matashi ɗan shekara 23, Olaseni Lewis, ya rasa ransa bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem da ke Landan. Iyayensa ba su yi shiru ba, suka yi ta fafutuka har aka kafa doka a 2018 wadda ake kira da sunansa. Dokar ta lissafa ba da magani don danne mutum a cikin amfani da ƙarfi, daidai da riƙewa da killacewa, ta wajabta wa asibiti ya rubuta shi a duk lokacin da aka yi.

Wannan batu bai tsaya a ƙasar Turawa ba, domin haloperidol da danginsa su ne ake amfani da su a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau. Nijeriya ma ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma doka a takarda ba ta tsaron numfashin kowa da tsakar dare.

Saboda haka nauyi yana kan matasan da suke rakiyar 'yan'uwansu asibiti. Wanda aka kwantar masa da wa ko ƙane, haƙƙinsa ne ya tambaya cikin ladabi: wane magani aka ƙara masa daren jiya, don me, sau nawa, kuma wa ya duba shi bayan nan? Ya faɗa wa likita gaskiya in majinyacin yana shan tiramadol, kodin ko giya, don ɓoye wannan saboda kunya yana iya zama ajalinsa. In ya ga wuya ya sandare, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ya kira ma'aikaci nan take. Kada kuma wani ya fake da wannan bayani ya hana ɗan'uwansa magani ko ya sace shi daga asibiti, domin yanke magani farat ɗaya yana dawo da ciwo, wani lokaci fiye da na farko.

Wanda hankalinsa ya gushe amana ne a hannun masu hankali. Ma'aikacin da ya ɗauki sirinji ya san cewa wanda ke gabansa ba zai iya kai ƙara ba a wannan dare, kuma daidai wannan ne ya sa hisabin ya fi nauyi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da riƙon amana.