Neman Yafiya: Sunan da Muke Tsallakewa



'Yan'uwa masu girma, Sha'aban ya doshi ƙarewa. Nan da 'yan kwanaki wayoyinmu za su cika da saƙon nan da muka saba, wanda ke cewa duk wanda aka yi wa laifi, da sani ko ba da sani ba, ya yafe. Mutum zai tura shi ga dukan lambobin da ke wayarsa, ya ji ransa ya yi sanyi. Ni ma na daɗe ina turawa. Ra'ayina a yau shi ne, wannan saƙo ba ya sauke haƙƙin da ka san mai shi, ka kuma san ranar da ka ɗauke shi. Zan faɗi yadda na gane haka, ko da yake labarin ba ya ƙara mini daraja.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, an sayar da wata gonar gado. Kuɗin suka zauna a hannun ƙanena da ke Tasawa, ni kuwa ina Maraɗi. Ranar rabo sai na ga babu jika 100. Ban keɓe shi na tambaye shi ba. A zauren gidanmu, gaban baffanninmu da maƙwabta, na ce ya ci amana. Bai ce uffan ba, ya tashi ya fita. Daga baya gwaggonmu ta shaida mini cewa tsohon ya bar bashin magani, shi ne ƙanen nawa ya biya, kamar yadda Suratun Nisa'i ta gabatar da bashi da wasiyya a kan rabon gado. Ya yi shiru ne don ya suturta mahaifinmu. Na san na zalunce shi, amma girman kan babban wa ya riƙe mini harshe. Azumi biyu suka wuce ba mu gaisa ba. Duk shekara ina zaɓen sunaye don tura saƙon yafiya, in yatsana ya iso kan sunansa sai in tsallake.

Abin kunyar shi ne, hukuncin ba baƙo ba ne gare ni. Tun muna yara a makarantar zaure mun karanta a farkon Ahalari cewa bai halatta a jinkirta tuba ba. Mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid cewa Musulmi ba ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, kuma sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa. Imam Nawawi ya bayyana a Riyadus Salihin cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa sharuɗɗan tubansa 3 ne: dainawa, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. In kuwa laifin ya shafi ɗan Adam, akwai na 4, wato warware haƙƙin da mai shi. Kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranakun Litinin da Alhamis, a gafarta wa masu tauhidi, ban da mutum biyu da ke gaba, su kam ana jinkirta musu sai sun shirya. Na ƙidaya Litinin da Alhamis na shekara biyu, jikina ya yi sanyi.

Wata Asabar na je tasha na shiga motar Tasawa. Na iske shi a ƙofar gida bayan La'asar. Na yi sallama, ya amsa, ya shimfiɗa mini tabarma. Na ce, "Na zo ne ka yafe mini abin da na faɗa a kanka. Ƙarya na yi maka." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Yaya, na yafe tun tuni. Amma a gaban mutane ka faɗa, kuma har yau akwai wanda ba ya ba ni ajiya."

Nan na gane cewa mutunci ma dukiya ce, kuma inda aka zubar da shi can ake mayar da shi. Washegari na tara mutanen nan a zauren nan, na janye maganata da bakina. Ban taɓa yin abin da ya yi mini nauyi kamarsa ba, ban kuma taɓa yin barci mai daɗi kamar na daren ba.

Wani zai ce, to saƙon laifi ne? A'a. Yana da amfani ga ƙananan kurakuran zaman tare waɗanda ba mu san mun yi ba. Kuma wanda ɗan'uwansa ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya ko Abijan, ba a ce sai ya yi tafiya ba. Ya kira shi, ya ambaci laifin, ya saurari amsa. Haka nan wanda ya yi gulmar da mai ita bai ji ba, wasu malamai, cikinsu har da Ibn Taimiyya, sun ga cewa in faɗa masa zai ƙara ɓarna, ya nema masa gafara, ya kuma yabe shi a majalisar da ya ɓata shi. Amma kuɗin adashi da ka riƙe, da iyakar gona da ka matsa, da ladan lebura da ka danne, da baƙar maganar da ka gaya wa matarka gaban 'ya'yanta, babu saƙon da ke goge su.

Kai kuma da za a zo wa, kada ka rufe ƙofa. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, yana ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu, sai ga shi cikin masu yaɗa ƙazafi ga Nana A'isha. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kwaɗaitar da afuwa ga mai son gafarar Allah, sai ya mayar masa da ciyarwar. Wanene a cikinmu aka yi wa abin da ya kai wannan?

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin a ga wata, buɗe wayarka ka nemi sunan da kake tsallakewa. Ka san shi. Ka fara da shi, in akwai biya ka biya, in akwai janyewa ka janye, sa'an nan ka tura wa saura.

Allah Ya kai mu Ramadan da zukata wankakku, Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, Ya gafarta wa iyayenmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.