Inji Biyu Ba Shi Ne Tabbacin Sauka Lafiya Ba

Tun da filayen jirgin sama suka yawaita a Arewa, har Dutse ta sami nata a 2014, manyan ma'aikata da attajirai sun saba hayar ƙananan jirage. In ka tambayi ɗayansu ko ba ya jin tsoro, sai ya ce ai jirgin mai inji biyu ne, in ɗaya ya mutu ɗayan ya kai su. Maganar tana da kama da gaskiya, amma rabinta kaɗai ya faɗa.

Duk wanda ya ga ana huɗa da shanu a Roni ko Gwiwa ya san abin da kan faru in sa ɗaya ya kwanta. Ɗan'uwansa ba ya jan garma gaba sosai, kewaye na kwancen yake yi. To, haka jirgi yake. Inji ɗaya yana fiffiken dama, ɗaya a hagu. Da na dama ya mutu sai na hagu ya murɗa hancin jirgin zuwa dama, farfelar mataccen kuwa tana ta juyawa a banza, tana tare iska kamar faifai. Dole matuƙi ya taka abin sarrafa wutsiya nan da nan, ya gane wanda ya mutu, ya juya farfelarsa ta ba iska kaifi. In kuwa ya bari gudun jirgin ya ragu ƙasa da wani haddi, wutsiya ba ta da sauran iko, sai jirgin ya kife.

Ga wani lissafi da ya kamata malamai su lura da shi. Rabin ƙarfi ne ya tafi, amma jirgi da rarar ƙarfi yake hawa, watau abin da ya saura bayan wanda ke riƙe da shi a iska. Saboda haka ƙaramin jirgi yakan rasa wajen kashi 80 cikin 100 na ikon hawansa. A zafin bazara irin namu iska takan yi sako-sako, ɗan abin da ya rage ma sai ya ƙare.

Mutanen Kano ba su manta da ran 4 ga Mayu, 2002 ba, sa'ad da jirgin kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja, fiye da mutum 100 suka rasu. Lalle ba ƙarami ba ne, amma inji biyu gare shi. Da tsakar rana ya tashi, ya zarce ƙarshen titinsa, injunan suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya faɗi gaba ɗaya. Abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan, domin ƙura ɗaya suka sha.

Na Ikko ran 3 ga Oktoba, 2013 ya fi kusa da zancenmu. Jirgi ne mai farfela biyu, ɗauke da gawar tsohon Gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, da mutum 20. Tun yana gudu a ƙasa injin dama bai ba da cikakken ƙarfi ba, na'ura tana ta gargaɗi, mataimakin matuƙi ya kawo shawarar a fasa tashi, ba a fasa ba. Yawancin waɗanda ke ciki sun rasu. A birnin Taipei kuma, cikin 2015, inji ɗaya ya sami matsala, matuƙi ya ruɗe ya kashe mai lafiyar, mutum 43 suka halaka.

A ganina a nan gizo ke saƙa. Abin da za a yi cikin daƙiƙa kaɗan ba a tuno shi daga littafi, sai hannu ya riga ya saba, kamar yadda yaro kan haddace jadawalin sau. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana ba da tushe, amma maimaitawa bayan an kama aiki ita ce ke cin kuɗi, ita ce kuma mai neman riba zai fara tsallakewa. Hukuma ta matsa a kan wannan.

Masu hayar ma da nasu. In matuƙi ya ce a rage kaya, ko a dakata rana ta yi sanyi, kada akawun da ya shirya tafiyar ya ɗauka raini ne ga mai gida. Nauyin da inji ɗaya zai iya ɗauka yake lissafawa.