Lissafi Ba Shaida Ba Ne

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta muna da doka guda: komai kyan abin da ka rubuta, in ba a gwada shi an ga ya yi aiki ba, tatsuniya ce. Da wannan mudun muka auna wasu malaman fiziks na zamani, sai muka ga bai cika ba.

A dubi nazariyyar zare, wadda ta yi tashe tun 1984. Cewa ta yi komai na duniya an gina shi ne da wasu ƙananan zarurruka masu kaɗawa, kuma sarari da lokaci suna da fuskoki goma maimakon huɗun da muka sani. Yau sama da shekara arba'in, ba gwaji ko ɗaya da ya gaskata ta. Lissafinta ma amsoshi yake bayarwa da yawansu ya kai 1 da sifiri 500 a gabansa. Da aka rasa wadda ta dace da duniyarmu, sai wasu suka ce ai duniyoyin ne da yawa, sauran ba a iya ganinsu. A wurinmu, manhajar da kowace amsa daidai ce a gare ta, ta lalace ke nan.

A cibiyar CERN, kan iyakar Faransa da Suwizalan, akwai na'urar karo da ƙwayoyin zarra a ramin da kewayensa ya kai kilomita 27. A 2012 ta gano ƙwayar Higgs da aka yi hasashe tun 1964. Wannan mun jinjina. Amma an sa mana rai cewa kowace ƙwaya tana da abokiyar tagwaitaka mai nauyi da za ta bayyana. Shiru kake ji. Maimakon a ce an yi kuskure, sai aka ce nauyin nasu ne ya fi yadda aka zata. Yanzu ana neman haƙa rami mai kilomita 91, a kan kusan faran Suwizalan biliyan 15.

Za a ce mana a CERN aka ƙirƙiro shafukan yanar gizo a 1989. Haka ne, amma buƙatar musayar takardu ce ta haife su, ba nazariyyar kowa ba.

Kada a ɗauka gaba muke da binciken da amfaninsa bai zo ba tukuna. Einstein ya kammala nazariyyarsa a 1915, ya faɗi gwargwadon yadda rana za ta lanƙwasa hasken taurari. A husufin 1919 aka auna, aka ga haka ne. Da ya faɗi, da an watsar. Yau GPS ɗin wayarka da lissafinsa yake aiki.

Abin da muke tsoro shi ne ƙuruciyar ɗalibai da kuɗin talakawa su ƙare a bin inuwa, jama'a kuma su daina bambance kimiyya da shaci-faɗi. Duk mai neman biliyoyi ya fara gaya mana: wane sakamako ne zai sa ya yarda ya yi kuskure? In ba shi da amsa, gani ya kori ji, mu kuwa ba mu gani ba.