Berti Vogts, Kafin Zuwansa Nijeriya

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a ɗan filin da ka saba ba ni. Yau zancen Berti Vogts na kawo wa jama'a, watau Bajamushen nan da aka ɗauko a 2007 ya horar da 'yan ƙwallon Nijeriya. Mutanenmu ba su tuna shi sai da kashin da Gana ta ba mu, ci 2 da 1, a gasar Afirka ta 2008, wanda bayansa ya bar aikin. Ni dai ina ganin ba a yi masa adalci ba, gama tun kafin wannan ya yi suna a tsaron baya.

An haife shi a 1946. Ƙungiya ɗaya tak ya yi wa wasa a manyan gasanni, Borussia Mönchengladbach, daga 1965 har 1979, suka ci kofin Jamus sau 5. Gajere ne, amma don nacinsa aka yi masa laƙabi da sunan wani ɗan karen farauta na Turawa, wanda in ya kama ba ya saki.

To, ku dubi wasan ƙarshe na kofin duniya a birnin Munik, 1974. Aka ce masa aikinsa guda ne, ya tsare Johan Cruyff na Holan, wanda a zamanin ba a ga kamarsa ba. Ana busa usur, kafin wani Bajamushe ya taɓa ƙwallo, Cruyff ya kufce masa, aka kayar da shi a gaban raga, Holan ta ci. Jim kaɗan alƙali ya ba Vogts katin gargaɗi. Malamai, wa zai yarda ya tsaya a matsayinsa a wannan sa'a? Duk da haka ya natsu, ya manne wa Cruyff kamar kaska har aka tashi, Jamus ta Yamma ta ci 2 da 1. Müller da ya jefa ta biyun shi aka fi yi wa kirari, kamar yadda aka saba.

Wasa 96 ya yi wa ƙasarsa, ƙwallo ɗaya kaɗai ya ci. Bayan ya bar fage ya riƙi 'yan wasan Jamus daga 1990 zuwa 1998, ya ciwo musu kofin Turai a Ingila a 1996.

Haza wasalam.