Uwargida, Yaranki Sun San Mulufi Kuwa?

 

Kwanan baya a aji na tambayi ɗalibaina 'yan shekara 10 zuwa 12 su lissafa mini sunayen tsuntsaye. Suka ce kurciya, tattabara, ungulu, shirwa, daga nan sai shiru. Wata ta ce kaza, aji ya fashe da dariya. Ni kam ban yi dariya ba, domin dukkansu sun san labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman (AS), amma ba wadda ta san cewa tsuntsun nan mai tukku yana kiwo a filayen Samaru. Laifin namu ne iyaye: daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai waya.

A Turai, idan lokacin zafinsu ya kama daga Yuni zuwa Agusta, mutane kan biya kuɗi su hau tsaunukan Suwizalan don kallon furanni da tsuntsaye kawai. Mu kuwa damina ce ke kawo mana namu har ƙofar gida. Nijeriya tana da tsuntsaye iri fiye da 900, har akwai cibiyar bincike a kansu, APLORI, da aka kafa kusa da Jos a 2001. Ke dai ki roƙi maigida wata Asabar da sassafe ya kai ku gindin Dutsen Kufena, ko bakin madatsar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello, ki ga abin mamaki.

Ki fara nuna musu shamuwa. Iyayenmu da ita suke gane ruwa ya kusa, saboda takan sauka wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a manyan bishiyoyin cikin gari, ta yi ta cin fara da tsutsa. Da kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Sai mulufi, wanda ni ya fi burge ni. Namijin ja ne wur da baƙin ciki, za ki gan shi a kan karan dawa ko dogayen ciyayin fadama yana kumbura gashi. To wannan ado na damina ne kawai, lokacin neman aure. Da rani ya zo sai ya tuɓe, ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa, har ki rantse ya bar gari. Haka zalaiɗu mai dogon bindi, wanda matarsa ba ta san wahalar reno ba, a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye take zuba ƙwanta su ƙyanƙyashe mata. Shi kuwa marai, namiji ne ke saƙa gida da ɗanyar ciyawa, mace ta zo ta duba, in bai yi mata ba ta yi gaba, ya sake sabo. Na ce wa abokiyar aikina, ashe duba ɗakin amarya ba mu muka fara ba!

Furanni ma, uwargida, rabinsu a tukunyarki suke ƙarewa. Tafasa da rai-ɗore masu fure ruwan ɗorawa, gasaya mai farin fure, karkashi mai fure kamar ƙaramin mazurari, ga bado a kan ruwa. Yarinyar da ta ga karkashi a tsaye ba za ta manta da shi ba ran da ta zama matar gida. Amma ki nuna musu wuta-wuta, wato ƙuduji, a gonar dawa. Furenta gwanin kyau, alhali jijiyarta maƙale take da ta dawa tana tsotse ta tun ba ta fito fili ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana yaƙi da ita, har ta fitar da irin masara mai jure mata. Sannan kada yaro ya kai wani fure ko ɗan itace baki sai kin san shi. Baurairai, mai jan fure kamar harshen wuta, guba ne.

Ku sa takalmi rufaffe saboda maciji, kada a hau dutse bayan an yi ruwa don santsi, in kuma hadari ya haɗu a sauko nan da nan saboda tsawa. Kada ki bar ƙanana su matsa bakin ruwa. Danƙon nan na samarinki kuma a bar shi a gida, domin yanzu ne tsuntsaye ke da 'ya'ya a sheƙa, in an harbe uwa su ma sun tafi. Ki ba kowane yaro littafi da fensir ya rubuta abin da ya gani, wanda ba ku san sunansa ba ya zana, in kun je gaida kaka a tambaye ta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.