Mai walda, daina ɗora wa inji laifi

1/ Yau sai na ɓata wa masu walda rai. Ƙofar gidanmu a Safana, sati uku waldar ta ɓalle. Wai "injin ne ɗan China". Ƙarya ne wallahi!

2/ Inji mai waya saiti yake so. Waya na tunkuyin ƙarfe, tartsatsi ko'ina? Rage gudunta ko ƙara wuta. Tana narkewa ta liƙe a baki? Ƙara gudu.

3/ Fara gwadawa a guntun ƙarfe, ka maka masa guduma. Iskar hunturu na kwashe gas, kare wurin.

4/ Daga nan har Batsari, kowa ya san abin da ƙofa ke tarewa da dare. Kai kuma ka rufe aika-aikarka da fenti. Ji tsoron Allah, malam.